Ramin Tare Ƙasa A Gona: Yadda Ake Haƙa Shi Da Kula Da Shi

GABATARWA

An shirya wannan takarda ne domin manoman ƙasar Kankiya da Kusada, da na garuruwan da ke cikinsu, irin su Rimaye da Kafinsoli da Yashe da Mawashi. Za ta yi bayani a kan wata dabara mai sauƙi ta sarrafa ruwan da ke gudu bisa gona, wato a haƙa rami a kan hanyarsa domin ya dakata ya sauke ƙasar da ya ɗauko, sannan ya wuce a hankali. Aikin ba ya bukatar inji ko kuɗi mai yawa. Diga da shebur da duwatsu da 'yan kwanaki sun isa. Wanda ya iya karatu ya taimaka ya karanta wa maƙwabtansa.

ABIN DA RUWA KE SACEWA

A wannan yanki ruwan sama yakan kama tsakanin milimita 600 zuwa 800 a yawancin shekaru, kuma kusan dukkansa yana sauka ne daga Yuni zuwa Satumba, mafi yawa a Agusta. Sau da yawa yakan zo da ƙarfi a lokaci guda, har ƙasa ta kasa shanye shi. Ruwan farko ya fi ɓarna, domin yana tarar da gona tsirara: an kwashe kara, dabbobi sun cinye karmami, ga takin gida da manomi ya sha wahalar kaiwa da rani yana zube a sama.

Ka duba launin ruwan da ke fita daga gonarka. In ja ne ko baƙi, to gonarka ce ke tafiya. Ga lissafi. Hekta 1 ita ce fili mai tsawon mita 100 da faɗin mita 100, wato eka 2 da rabi. Idan ruwa ya kankare ƙasa mai kaurin milimita 1 kacal daga hekta 1, abin da bai kai kaurin tsinken ashana ba, ya tafi da ƙasa cikin duro 50, mai nauyin kusan tan 15. In amalanken shanu na ɗaukar rabin tan, sawu 30 ke nan. Kuma ƙasar sama ce, wadda ke riƙe da taki da danshi. Abin da ya rage a baya shi ke zama fako, hanyar da ruwan ya bi kuma ta zama kwazazzabo.

Ƙasar nan ba ɓacewa take yi ba. Tana zuwa ta binne shukar wani a gangare, ta cushe kwalbati, ta cike tafki da fadama. Wadda ta kai rafi kuwa madatsun ruwa take sauka, ta rage musu ciki, ƙanana da manya irin ta Zobe da ke kusa da Dutsin-Ma. Ashe hasarar biyu ce, mai gona ya rasa, mai noman rani ma ya rasa.

YADDA RAMIN KE AIKI

Ruwa mai gudu ne ke ɗaukar kaya. In gudunsa ya ninka biyu, ƙarfinsa na cin ƙasa yakan ninka huɗu. Da zarar ya samu wuri mai faɗi da zurfi, sai gudun ya mutu, ya saki abin da ya ɗauko.

Ka gwada da kanka. Ɗebi ruwan da ke gudu a gonarka cikin farar kwalba, ka girgiza, ka ajiye. Cikin minti 1 ko 2 za ka ga yashi ya kwanta a ƙasa. Bayan awa 1 ko 2 ƙasa mai laushi za ta kwanta bisa yashin. Lakar da ta fi laushi kuwa takan kwana, wani lokaci ta yi kwanaki, kafin ruwan ya washe.

To, abin da ke faruwa a kwalba shi ke faruwa a rami. Saboda haka ka riƙe wannan tun yanzu: ba a haƙa ramin don ya shanye ruwan gona duka, kuma ba zai iya ba. Aikinsa uku ne: ya rage gudun ruwa, ya karɓe yashi da ƙasa da taki, ya sallami sauran ruwan ta hanyar da ka shirya masa. Ramin da ba shi da mafita, ruwa zai yi wa kansa mafita, kuma ba za ka so inda zai ɓulle ba.

ZAƁEN WURI

Da damina ake zaɓen wuri, da rani a yi haƙa. Idan ruwa ya ɗauke, ka shiga gona tun ƙasa na jiƙe, ka bi sawun ruwa daga inda ya shigo har inda ya fita, kana kafa turaku. Wuraren da suka fi dacewa su ne:

1. Inda ruwan burtali ko na hanya ko na gonar sama ke shigowa gonarka.
2. Inda ƙananan magudanai biyu ko uku suka haɗu.
3. Gindin gona, kafin ruwa ya fita zuwa ta maƙwabci.
4. Gaban tafki ko lambu, domin yashi ya tsaya a nan, ruwa ya shiga shi kaɗai.

Kada ka haƙa a cikin rafi ko tsakiyar babban kwazazzabo, ruwan wurin ya fi ƙarfin ramin hannu. Kada ka haƙa dab da bakin kwazazzabo, domin ruwan da ya nitse zai zaftare bakin. Ka nisanci rijiyar sha da kamar taku 30, ka nisanci gindin katanga da hanyar da yara ke bi.

GIRMAN RAMI

Ga awon da ya dace da gona mai rabin hekta, wato eka 1 da kwata, wadda gangarenta bai yi tsanani ba. Babban takun namiji kusan mita 1 ne.

Tsawon baki: mita 6.
Faɗin baki: mita 3.
Zurfi: mita 1.
Tsawon gindi: mita 4.
Faɗin gindi: mita 1.

Ka lura gindin ya fi baki ƙanƙanta, wato bangon ramin a kishingiɗe yake kamar na kwano, ba a tsaye kamar na rijiya ba. Wannan awon na ƙasa mai laka ne. A jigawa, inda ƙasa ke zubewa, ka bar gindin yadda yake amma ka buɗe bakin ya kai mita 7 da mita 4.

Tsawo ya bi hanyar ruwa, kuma ya ninka faɗi kamar sau biyu, domin ruwa ya yi tafiya mai nisa a cikin ramin kafin ya kai mafita.

Me ya sa wannan girman? Rami irin wannan yana cin kusan duro 50 mai lita 200. A ce an yi ruwa mai ƙarfi, milimita 50 cikin awa 1. Abin da ya sauka bisa rabin hekta duro 1,250 ne. A ce ƙasa ta sha kashi 4 cikin 5, saura kashi 1 ya gudu, duro 250 ke nan. Ka ga ruwan ya ninka cikin ramin sau 5. Ma'ana, duk ruwan da ya shiga zai yi kamar minti 12 a ciki kafin na baya ya turo shi waje. Ka tuna gwajin kwalba: minti 12 ya isa yashi duka ya kwanta, tare da wani kaso na ƙasa mai laushi. In ka rage ramin ya koma rabi, lokacin ma rabi zai koma, ƙasa da yawa ta wuce.

Idan gonarka ta fi haka girma, ko tana da fako da marmara inda ruwa ba ya nitsewa, kada ka ƙara zurfi. Ka haƙa biyu ko uku a jere bisa hanyar ruwan, ka fara da na sama. Ƙananan ramuka da yawa sun fi ƙato guda sauƙin yasa, kuma sun fi shi rashin haɗari.

KAYAN AIKI

Diga, shebur, kwanon sarki ko baro, igiya, turaku, duwatsu masu girman kan mutum da ƙanana, tsakuwa, da saiwar gamba ko jema. Mutum 4 za su iya gama rami guda cikin kwana 2 zuwa 3, gwargwadon taurin ƙasa. In an yi gayya, yini ɗaya ya isa.

MATAKAN AIKI

1. Auna bakin ramin da igiya, ka kafa turke a kowace kusurwa. A ciki kuma ka auna gindin, ka kafa wasu turakun.

2. Kankare ƙasar sama, kamar zurfin tafin hannu, ka tara ta gefe ɗaya. Ita za ka mayar gona.

3. Fara haƙa gindin har ya kai mita 1, sannan ka sassabe bango daga baki zuwa gindi.

4. Ƙasar da ka fitar ka yi jinga da ita a gefe biyu da ɓangaren gangare. Ka bar ratar kamu 1 tsakanin bakin rami da jinga don kada ta koma ciki. Ka riƙa zuba ta kaɗan-kaɗan kana daddaɓewa. Ɓangaren da ruwa ke shigowa a bar shi buɗe.

5. Gyara mashiga. Nan ne ruwa ke faɗawa da ƙarfi, in aka bar shi haka zai ci bakin ramin ya yi ta ja da baya har cikin gona. Shimfiɗa tsakuwa, ka jera duwatsu bisa ta tun daga taku 1 kafin baki har gindin rami.

6. Gyara mafita. A ɗaya ƙarshen, wanda ke fuskantar mashiga, ka bar ƙofa mai faɗin mita 1 da rabi. Ta kasance ƙasa da kan jinga da ƙafa 1, wato santimita 30, kuma ta ɗan fi mashiga sauka. Ƙasanta ya zama bai ɗaya, kada gefe ya fi gefe, domin ruwa ya fita a baje kamar tabarma. Jera mata duwatsu, ka ci gaba da jerin har taku 2 a bayanta.

7. Kafa turke mai ƙarfi a gindin ramin, ka yi masa tsaga ko ka shafa fenti a rabin zurfi. Shi ne ma'auninka.

8. Kewaye ramin da ƙaya saboda yara da dabbobi.

9. Idan damina ta zauna, dasa gamba ko jema layi biyu a gicciye gaban mashiga, da bisa jinga, da bayan mafita, tazarar tafin hannu tsakanin gindi da gindi. Ciyawar na tace ruwa, saiwarta na riƙe jinga, da kaka kuma ka yanki gambar zana.

Inda dutse ya yi wuya, ana iya cika tsofaffin buhunan taki da ƙasa a jera. Sai dai rana na cin buhu, saboda haka a sake su kowace shekara har ciyawa ta kama.

INA RUWAN ZAI TAFI?

Kafin ka sa diga, ka san amsar wannan tambaya. Ruwan da ya fita ya bi tsohuwar hanyarsa, ko magudana mai faɗi marar zurfi wadda ciyawa ta rufe, ko ya shiga tafki. Kada ka karkata shi cikin gonar maƙwabci ko bisa hanyar jama'a. Rigimar ruwa tsakanin maƙwabtan gona takan kai gaban mai unguwa ko dagaci, wani lokaci har gaban alƙali. Abin da ya fi, manoman da ke kan gangare guda su zauna su shirya tare, na sama ya fara, na ƙasa ya biyo. In na ƙasa kaɗai ya haƙa, ruwa biyu ko uku za su cike masa rami.

YASAR RAMI

Nan ne manoma da yawa ke faɗuwa. Ramin da ya cika ya daina aiki, ruwa bisa kansa zai bi ya wuce kamar ba a taɓa haƙa shi ba. Saboda haka ka leƙa shi bayan kowane ruwa mai ƙarfi. Da zarar ƙasa ta kai alamar da ke jikin turke, ka yashe, kada ka jira ya cika. A rabin zurfi za ka kwashi ƙasa kusan tan 5, wato kamar sawun amalanke 10. In shekarar farko ka yashe sau 2 ko 3, kada ranka ya ɓaci. Abin da gonarka ke rasawa kowace shekara ke nan ba ka sani ba.

Ƙasar da ka kwasa kala biyu ce. Ta kusa da mashiga yashi ne, ka ƙara wa jinga ko ka cike ƙananan zaizaya da shi. Ta kusa da mafita baƙa ce mai laushi, haɗe da taki da ruɓaɓɓen ganye. Wannan ka mayar da ita gona, musamman inda fako ya fara fitowa. Kada ka tara ta a bakin mashiga, ruwa na gaba zai mayar da ita ciki.

Abin lura: ruwa na ɗauko irin ƙuduji, wato wuta-wuta, tare da ƙasa. Idan gonar da ruwan ya fito tana da shi, kada ka kai wannan ƙasa gonar da ba ta da shi. Haka kuma ƙasar da ta fito daga lambatun gari ko gefen kwalta, inda ake zubar da baƙin mai da shara, ba a sa ta a lambun kayan miya.

Ruwan da ya rage a ramin ya kamata ya nitse cikin kwana 2 ko 3. In ya daɗe fiye da haka, sauro zai yi ƙwai, kuma da zafi kwana 7 zuwa 10 sun ishe shi ya tashi. Idan laka ta toshe gindin, ka farfasa ta da diga bayan ta bushe. In ƙasar wurin ba ta shan ruwa sam, ka tsaga siririyar hanya a mafita ka cika ta da tsakuwa, ruwan ya riƙa tsiyaya.

NA BULO DA SIMINTI

Inda fili ya yi kaɗan, kamar bakin lambu, ko gaban sito, ko inda ruwa zai shiga bututu, ana gina ƙaramin akwati na bulo da siminti. Cikinsa ya yi kamar santimita 90 kowane gefe, zurfi mita 1 ko ɗan fiye. Asirinsa guda ne: bututun fita kada ya zauna a gindi. A ɗaga shi sama da daɓen da kamar santimita 50 zuwa 60, domin wannan sararin na ƙasa shi ne ma'ajiyar yashi. A rufe bakin da murfin rodi mai kama da rariya, ya tare leda da kara, kuma ya zama wanda ake iya ɗagawa a sa shebur. Ƙasar da ke kewaye ta gangaro zuwa murfin. Shi ma a yashe shi idan yashi ya kai rabin tazarar da ke tsakanin daɓe da bakin bututu. In aka bari yashi ya shiga bututun, toshewa zai yi, fitar da shi kuwa aiki ne ja.

RAMI KAƊAI BAI ISA BA

Rami yana kama ƙasar da ta riga ta tashi ne. Abin da ya fi shi ne a hana ta tashi. Ka yi huɗa a gicciyen gangare. Ka datse kwarin kunya da 'yar ƙasa kowane taku 2 ko 3, ruwa ya tsaya inda ya sauka. Ka bar wani kaso na kara a gona. Ka haɗa gero ko dawa da wake ko gyaɗa domin ganye ya rufe ƙasa. Ka bar 'yan itatuwan da ke tsirowa, irin su gawo da kalgo da sabara. In ka yi haka za ka ga yasar rami na raguwa shekara bisa shekara, alamar gonar ta fara zama ke nan.

Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a wannan hanya. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman jihar Tawa sun farfaɗo da fako mai yawa da ƙananan ramukan shuka da suke kira tassa, da jinga mai siffar rabin wata, da jerin duwatsu a gicciyen gangare. Aikin gyaran ƙasa na Keita a 1984 aka fara shi. A Burkina Faso kuwa wani manomi, Yakuba Sawadogo, wanda ya rasu a 2023, ya yi suna a duniya saboda irin waɗannan ramuka. Dabarar duk ɗaya ce: tsayar da ruwa, ƙasa ta zauna.

LOKUTAN AIKI

Yuli zuwa Satumba: bin sawun ruwa da kafa turaku.
Nuwamba zuwa Disamba: haƙa, tun ƙasa ba ta gama bushewa ba.
Janairu zuwa Afrilu: tara duwatsu, gyaran mashiga da mafita.
Mayu: a tabbata an gama komai kafin ruwan farko.
Yuli: dasa gamba ko jema.
Duk damina: dubawa da yasa.

TAMBAYOYI DON ƘUNGIYAR MANOMA

1. Me ya sa tsawon rami ya kamata ya fi faɗinsa?
2. Me zai faru idan mafita ta yi daidai da kan jinga?
3. Yaushe ake yashe rami, kuma ina ake kai ƙasar?
4. A gangaren garinku, gonar wa ya kamata a fara da ita?

ƘARIN BAYANI

Idan kwazazzabon gonarka ya fi ƙugun mutum zurfi, ko ruwan da ke shigowa daga gonaki da yawa yake tahowa, kada ka tare shi kai kaɗai. Ka sanar da malamin gona na yankinku, ko sashen aikin gona na ƙaramar hukumar Kankiya ko ta Kusada, ko ofishin KTARDA mafi kusa, domin a zo a auna. Rigakafi ya fi magani. Allah Ya ba mu damina mai albarka.